Ranar da Tankari Ya Juya Baya

Litinin 5 ga Mayu, bayan la'asar

Na dawo daga buron Habibu, ofishinsa da ke unguwar Dar es Salam nan Yamai. Maigidana Garba ya tambaye ni yaya fim, na ce masa kaina ke ciwo, na shigo ɗaki na turo ƙofa.

Bari in rubuta a tsanake, kada gobe in ce zafin rana ne ya ruɗe ni. Bara waccan na ba Habibu izinin ya mai da littafina, Rundunar Toka, ya zama fim. Na ba shi ne don ba baƙo ba ne. Tare suka tashi da marigayi ƙanena a Maraɗi, kwano ɗaya Inna take zuba musu, har gobe Yaya yake ce mini. Yau ya kira ni in ga aikin kafin a nuna wa jama'a ranar 24 ga wata. Ya zaunar da ni gaban ekran, allon nuna fim, ya kawo mini ruwan sanyi, ya koma bayana ya tsaya kamar ɗalibi mai jiran maki.

Yaƙi uku ne a littafin, zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ba yau ba. Yau magana ɗaya ce. A yaƙi na uku, Tankari, jagoran mayaƙan birni, ya juya baya ya gudu. Ban rubuta haka ba. Habibu ne ya sa shi gudu.

Da aka kunna fitila na ɗauki jakata. Ya biyo ni har titi yana cewa in tsaya ya yi mini bayani. Na tare taksi.

Talata, bayan asuba

Ya gudu. Ya bar mutanensa ana sara.

Alhamis 8 ga Mayu, da azahar

Ɗalibaina na ajin ƙarshe sun lura. Na ba su aiki na zauna ina kallon allo har aka buga ƙararrawa.

Ni malama ce, na saba ba da maki ko ga yaron da ba na so. Don haka yaƙi na farko, na mashigin kogi, zan faɗi gaskiyarsa. A littafi na ja shi tsawon babi biyu, da dorinai masu sulke suna kifar da mayaƙan toka cikin ruwa, tunda ruwan kogi kaɗai ke narkar da su. Habibu ya ce da suka gwada dorinan a ordinater, wato kwamfuta, sai suka fito kamar buhunan gawayi masu ƙafa. Ya cire su, ya sa jiragen masunta, ya haɗe babin biyu suka zama safiya ɗaya. Babu kiɗa, sai ƙarar filafili cikin ruwa da numfashin mutane. Ya yi kyau. Ya fi nawa ma, in dai za a yi adalci.

Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Da jaki ne, da na ce bai san abin da ya yi ba. Ya sani.

Asabar 10 ga Mayu, da hantsi

Habibu ya zo gida da ledar mangwaro. Ya fara shiga ɗakin Inna ya durƙusa ya gaishe ta, ina jin tana sa masa albarka. Sannan ya fito muka zauna a tsakar gida, Garba yana gefe da rediyonsa a kashe.

Ya yi dogon bayani. Wai fim ba littafi ba ne. A littafi ban nuna yaƙi na uku ba sam, mata ne a kan ganuwa suna jira tun safe, har dawakai suka soma dawowa ba mahaya. Wai wannan a takarda yana sa kuka, amma a zauren sinima mutane za su ciro tarho su soma latsawa. Wai mayaƙan toka ba su da fuska, mai kallo kuwa sai an ba shi fuskar da zai tsana. Shi ya sa Tankari ya gudu, wani sabon yaro da ban taɓa rubutawa ba ya tara sauran mayaƙa suka ci yaƙi, aka buga tambari.

Ya ce, “Yaya, Tankari mutumin takarda ne. Ba shi ba ne.”

Na ce, “To tabon da ke girarsa ta hagu fa? Babu shi a littafi. Wa ya ce a zana wa ɗan wasan?”

Habibu ne ya yi wa ƙanena wannan tabo da dutsen harbin tsuntsu suna yara, ni na wanke jinin.

Bayan ya tafi Garba ya ɗauko kontarar da na sa wa hannu ya karanta mini sakin layin da ya ba Habibu ikon gyara labari yadda ya ga dama. Na ce ban tambaye shi ba. Mangwaron na ba maƙwabta.

Lahadi, bayan magariba

Inna ta ba tela atamfarta, wai ta zuwa kallon fim ce. Habibu ya kawo mata katin gayyata na layin gaba, ta sa shi ƙarƙashin matashi. Ba ta karatu, ni na karanta mata littafin shafi-shafi shekarar da ya fito, kuma tun daga babi na farko ta daina cewa Tankari, sai Auta, sunan da take kiran ƙanena. Duk dangi sun san haka. Duk wanda ya zo mana zaman makoki ya san haka.

Ta ce mini ko an nuna shi yana dariya, don Auta mai dariya ne. Na ce an nuna.

Laraba 14 ga Mayu, da rana

An ɗauke wutar kuran tun safe, unguwarmu Talaje kamar tanderu. Garba ya shimfiɗa tabarma a zaure, ni barci ya ƙi.

Yaƙi na biyu. A littafi mayaƙan toka ba su da murya. Suna tasowa daga ƙasar da aka ƙona su tako a hankali, ba ka jin komai sai tarin mutanenka. Tsoron ke nan. Habibu ya ba su jajayen idanu da gurnani irin na zaki, ya sa ganguna kamar ana kokawa. Tankari yana tashi sama yana juyi da takobi biyu, rigarsa ko ƙura ba ta taɓa ba. Har da wata yarinya da aka ƙirƙiro mai jefa masa gyale ana tsakiyar sara. A lokacin na yi dariya, shi ma ya yi. Wannan wauta ce kawai, wauta kuwa ana yafe ta.

Ɗayar ba a yafe ta.

Wata ƙawata mai shirin adabi a rediyo ta ce in zo in faɗi ra'ayina bayan an nuna fim. Na yi tunani. Maganar rediyo iska ce, ana ji ana yanka albasa. Ina so Habibu ya tsaya a gaban mutanen da yake sa babbar riga dominsu, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ina so in ga bakinsa yana motsi babu abin da ke fitowa. Allah Ya gani, ba na roƙon ya mutu. Ina so ya rayu da ita.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na tuna wani abu. Cikin sunayen da ke hawa a ƙarshen fim akwai mai ba da shawara kan yaƙi, Mumuni. Akwai Mumuni a ƙungiyar sojan ƙanena lokacin da aka tura su yamma. An ce mana yana kwance a asibiti, shi ya sa bai zo gaisuwa ba. Daga baya ma bai zo ba, ni kuma ban neme shi ba. Na tambayi mai ɗaukar sauti, ya ce shi ne, yana da teburin tireda a unguwar Kalle.

Asabar 17 ga Mayu, da yamma

Na same shi kusa da babbar kasuwa, yana sayar da caja da marfin tarho ƙarƙashin laima, sandarsa jingine da tebur. Ƙafar dama daga gwiwa babu. Ina faɗin sunana ya yunƙura zai miƙe, na hana shi. Ya gaishe ni da Zabarmanci, ya ce fofo, ya sake cewa fofo, ya kori wani mai ciniki ya ba ni kujerarsa. Bazabarme ne, amma Hausarsa ta bariki ce, babu gargada.

Bai ga fim ɗin ba tukuna. Murna yake yi. Ya ce Habibu ya zo ya same shi bara, ya roƙe shi ya faɗa masa yadda abin ya kasance ranar, don a girmama Liyutna Isa, ƙanena. Shi kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matarsa, amma ya faɗa masa. Aka kai shi wurin ɗaukar fim a bakin kogi, ya nuna musu komai da sandarsa. Tankari yana gaba, sai ya waiwaya ya ga ɗaya daga cikin mutanensa ya faɗi can baya. Ya juya ya sheƙa da gudu wurinsa, ya saɓa shi a kafaɗa, ya kai shi inda za a iya ɗauke shi. Sannan ya koma. Mumuni ya ce sau da yawa aka maimaita ɗaukar, kowane karo sai ya kau da kai.

Na tambaye shi, haka aka yi? Ya ce haka aka yi, Madam, har da abin da ya ce mini da ya ajiye ni.

Ya faɗa mini abin da ya ce. Ba zan rubuta shi nan ba.

Ashe Habibu yana da sauran. Ya ɗauki gudun, ya ɗauki mutumin da ke kwance, ya ɗauki komawar. Sai ya zauna a ɗaki mai sanyi ya sa almakashi daidai inda ake gudu.

Lahadi

Ya koma. Shekarun nan duka babu wanda ya gaya mini ya koma.

Talata 20 ga Mayu, bayan la'asar

Na ba Habibu dama, a rubuta wannan. Na kira shi na ce na ga Mumuni, na san abin da ya yanke, ya mayar. Ya ce ya gwada da shi, wallahi ya gwada, amma in Tankari ya zama gwarzo ƙarshen fim ɗin ya mutu, sabon yaron ba shi da aikin yi. Wai an rufe montaj, an gama harhaɗa fim ɗin, an riga an aika wa masu bikin finafinai na ƙasar waje, an gayyaci manya. Wai zai yi wa Mumuni bayani da kansa bayan an gama, shi ya sa bai ba shi kati ba. Wai in yi masa uzuri, wannan ce damarsa ta farko kuma wataƙila ta ƙarshe.

Na ce to, Allah Ya ba da sa'a. Har godiya ya yi mini.

Na shiga ɗakin Inna tana salla na zare katin daga ƙarƙashin matashi. Na koma Kalle na ba Mumuni, na ce Habibu ne ya aiko, layin gaba. Ya shafa katin a rigarsa kafin ya duba.

Laraba, da safe

Garba ya gane. Yana ɗaure takalmi zai tafi aiki ya ce, “Bilkisu, kin gaya wa bawan Allahn nan abin da zai gani?” Na ce in na gaya masa ba zai zo ba. Ya ce ai shi ya sa yake tambaya. Ya ƙara da cewa in zan jefi Habibu in nemi dutse, kada in ɗauki mutum. Na ce ya makara wurin aiki.

Na ce wa Inna an ɗage ranar. Ta dube ni, ta ce to. Tela ya kawo ɗinkin, ta ninke ta sa a akwati.

Asabar 24 ga Mayu, da azahar

Na yi lalle. Na sa leshina mai ruwan toka.

Lahadi 25 ga Mayu, da hantsi

Zauren ya cika har da masu tsayuwa. Habibu ya sa farar shadda, ya yi jawabi da Faransanci sannan da Hausa, ya kira ni uwar wannan aiki, aka tafa. Sai da ya sauko ya ga wanda ke zaune kusa da ni. Ya nufo mu, aka kashe fitilu.

Mumuni ya ji daɗin yaƙin kogi, yana ta taɓa ni yana cewa shi ya koya musu riƙon mashi. A na biyu ya yi dariya tare da kowa. Da na uku ya soma sai ya dafe sandarsa da hannu biyu. Tankari ya waiwaya. Ya juya. Ya sheƙa da gudu, kamara na bin bayansa. Sai aka yanke zuwa mutanensa ana sassara su, wani a bayanmu ya ce matsoraci, wasu suka yi tsaki.

Mumuni ya jira. Ina jin yana jira. Da sabon yaron ya ɗaga takobi aka saki kiɗa, sai ya miƙe. Ya dogara sandarsa ya taka har gaban ekran, hasken ya faɗo masa a fuska, inuwarsa ta rufe rabin yaƙin. Bai ɗaga murya sosai ba, amma an ji.

“Wurina yake zuwa. Ni ne kwance can gaba. Ina kuka kai ni?”

Aka ce ya zauna. Ya sake faɗa. Ya juya yana neman Habibu cikin duhu, ya ce, “Mushe Habibu, ina kuka kai ni?” Wani ya tsai da fim, aka kunna fitilu, sai ga mutum mai ƙafa ɗaya da tsohuwar rigar kaki a goge, yana ambaton sunan ƙanena da muƙaminsa. Akwai masu kaki a layi na biyu. Ɗaya ya tashi ya tallabe shi, sauran suka miƙe suka fita, mutane suka bi su.

An miƙa wa Habibu makirfo. Ya riƙe. Bakinsa ya motsa.

Na samu abin da na roƙa, ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Na dawo gida na ci tuwo har da ƙari.

Talata 27 ga Mayu, da rana

Wani ya ɗauka da tarho, ya zagaye Yamai kafin gari ya waye. A ɗakin malamai kowa shi yake kallo. An ce masu bikin ƙasar waje sun dakatar da fim ɗin, waɗanda suka tallafa wa Habibu sun ce a cire sunansu. An ce bai fita daga gida ba. Ya kira ni, ya sake kira, na bar tarhon yana ta kuka a kan tebur ina gyara takardun yara. Daɗi na ji. Ba zan yi wa takardar nan ƙarya ba, daɗi na ji.

Alhamis 29 ga Mayu, bayan la'asar

Wata mata ta yi sallama, siririya, da goyo. Ta ce ita ce Zalika, matar Mumuni. Na ba ta tabarma ta ƙi zama.

Ta ce tun ranar Asabar bai fita kasuwa ba. Ba ya ci, ba ya barci, in yaro ya yar da kwano sai ya faɗi ƙasa ya rufe kai, kamar shekarar da aka sallamo shi. Da ƙyar suka samu ya dawo mutum, teburin nan ma ƴan'uwanta ne suka kafa masa. Yanzu mutane suna zuwa har ƙofar gida da tarho a hannu suna so ya maimaita. Ta ce ta je wurin Habibu ta zage shi, shi ne ya gaya mata bai aika da kati ba.

“Madam, ke kin san abin da ke ciki?”

Na ce na sani.

Ta gyara goyonta. Ta ce, “Shi ya yanke shi daga fim, ke kuma kika kai shi ya gani. Ƙanenki ɗaukarsa ya yi.” Ta fita ba ta yi sallama ba.

Juma'a

Ban je lakwal koyarwa ba.

Lahadi 1 ga Yuni, da yamma

Garba ya je gidan su Mumuni da wani likita abokinsa. Bai ce in zo ba, ban ce zan je ba. Ya dawo ya ce an ba shi maganin barci, za su koma ranar Laraba, kuma Zalika ta ce kada in taka musu gida. Ta yi daidai.

Har yanzu in na tuna fuskar Habibu da makirfo a hannu sai in ji sanyi a ƙirjina. Ban san yadda abu biyun suke zaune wuri ɗaya ba.

Talata 3 ga Yuni, bayan azahar

Habibu ya zo bai shigo ba. Ya ba Garba kile, ɗan abin ajiye fim, a ƙofar gida ya ce a ba Yaya, ya mayar da abin da ya cire. Na sa a ordinater na tsallake zuwa yaƙi na uku.

Tankari ya gudu, ya durƙusa, ya saɓi mutumin. Babu kiɗa. Ya ajiye shi, ya sunkuya ya faɗa masa magana a kunne, ba a jin ta. Ya miƙe ya koma cikin ƙurar toka, kamara ba ta bi shi ba, ta tsaya a kan wanda aka ajiye. Daga nan sai matan kan ganuwa, da dawakai. Sabon yaron babu shi.

Hukuncina, tunda ni ce mai littafi. Wannan ya fi abin da na rubuta. Ni na tsaya a kan ganuwa ne don ban iya leƙa filin ba. Yana da wannan a hannunsa tun bara, ya duba, ya ajiye gefe. Saboda haka ban yafe ba. In ya kira ba zan ɗauka ba.

Alhamis 5 ga Yuni, da hantsi

Ina shanya Inna ta kira ni. Na same ta zaune a bakin gado ta sa sabuwar atamfar, har da ɗankwali. Ta ce matan unguwa sun nuna mata abin da ya faru tun ranar Lahadin farko, kuma katinta ma ta san inda ya tafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta ji an kawo na gaskiyar, in ɗauko.

Na ɗora ordinater a kan kujera na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta kalli gudun, ta kalli ɗaukar, ta kalli komawar, har dawakai suka shigo. Na sa hannu zan rufe ta riƙe mini wuyan hannu.

“Wanga yaro ya fi Auta tsawo,” ta ce. “Maido shi baya, wurin da ya waiwaya.”